Ba Ni da Kowa a Diffa

Matan Gashuwa sun kayar da ni a filin makarantar firamare ta Nguru, da rana tsaka, kuma har yau ban yafe yadda aka yi ba. Wasu daga cikinsu sun rasu, na je gaisuwa, na yi musu addu'a da zuciya ɗaya, amma wannan maganar tana nan inda na ajiye ta. Na fi wadda aka zaɓa sanin kogi. Na fi ta baki. Ita kanta ba ta taɓa musa haka ba. Tambaya ɗaya aka jefo mini a bainar jama'a, irin wadda ba a yi wa uwa, kuma wadda ta yi tambayar ta fi kowa sanin ba a yi.

Sana'ata bandar kifi ce. Tun ina budurwa nake tarar masunta a bakin ruwa, in zaɓi tarwaɗa da karfasa, in fafe, in lanƙwashe, in jera a kan waya, in kunna wuta mai hayaƙi. Idan ya bushe a cika kwanduna, mota ta kai Nguru, jirgin ƙasa ya wuce da shi Kudu. Hayaƙin ya ci mini ido, ya bar mini baki. Duk kasuwar Gashuwa an san ba na ɓoye magana. Na taɓa gaya wa sarkin kasuwa a gaban mutanensa cewa hularsa ta fi hankalinsa tsawo, kuma washegari na gaishe shi ya amsa.

Suna ɗaya ne bakin nan nawa bai taɓa kamawa ba, na 'yata ta fari. Haka aka raine mu. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta wasa da shi, ba ta nuna ta san yana wurin. Ranar da na yaye ta, yayar maigidana ta zo daga Katuzu ta goya ta ta tafi. Yaya nake ce mata, haka kowa a gidanmu yake ce mata. Ita ta yi mata kitso, ita ta sa ta a makarantar boko, ita ta san abin da take so a miya. In dole ta kama ni in ambace ta, sai in ce "waccan", ko "yarinyar Yaya". Idan ta zo gidanmu da salla ta durƙusa ta gaishe ni, ina amsawa ne ina kallon murhu. Bayan ta juya baya nake kallonta. Na san ƙeyarta fiye da fuskarta.

Ta yi aure da wani tela, mutumin Diffa ta ƙasar Nijar, wanda ya daɗe da shago a kasuwarmu. Ita ta kawo shi, kuma ba shi da laifi, ɗinkinsa ma ba ya warwarewa. Ba su cika shekara biyu ba gwamnati ta ce baƙi su bar ƙasa. Mutumin da ya girma a cikinmu, wanda Hausarsa ta fi ta uwata daɗi, aka wayi gari wai baƙo ne. Ya ɗaure kekensa na ɗinki a saman mota, ta bi shi.

Yaya ta je tasha. An ce ta yi ta kuka har sai da aka ɓamɓare hannunta daga ƙarfen motar. Tana da damar yin haka, ita ce uwar riƙo. Ni ina wurin banda ina juya kifi. Hanyar motar ta bi ta bayan rumfata, na hango jan ɗankwali a cikin mutane, ban ɗaga hannu ba. Ranar na ƙona tarwaɗa waya guda, abin da ban taɓa yi ba tun ina koyo. Maƙwabciyata ta tambaye ni, na ce itacen ne ba shi da kirki.

Shekara ta zagayo soja suka karɓi mulki, suka rufe kan iyaka. Maza masu raƙuma ba su fasa ba, suna ratsowa ta tuddan yashin Yusufari da kanwa, su koma da gero. Daga bakinsu labari yake zuwa. Wani ya zo ya zauna a zauren gidanmu yana ba Yaya labarin cewa waccan ta haihu, ni kuwa da na ji inda maganar ta dosa sai na ɗauki buta na shige ciki, kamar yadda ya kamata. A bayan katanga na tsaya, buta a hannu, ina jin rabi iska tana ɗauke rabi. Sai bayan kwana uku, a bakin yara, na tsinci cewa mace aka haifa. Da ƙasa a buɗe take, gida za ta zo ta yi wankan jego, in dafa mata ruwa in dama mata kunun kanwa ba tare da kowa ya ce na yi rashin kunya ba. Kwana arba'in ɗin nan ne kawai al'ada ta ba ni, su ma aka rufe su da sarƙa.

Za a ce me ya hana ni bin masu raƙuma. Ciwon gwiwa dalili ɗaya ne, amma ba shi ne babba ba. In na isa ƙofar gidanta in ce na zo yin me? Uwa ba ta wanke ƙafa ta ƙetare ƙasa don ganin 'yar fari. Sai da dalili, wanda za a faɗa a gaban mutane.

Abin da ya rage mini shi ne kogi. Kogin nan da ya bi ta Gashuwa shi ne yake gangarawa gabas har ya wuce ta gefen Diffa kafin ya faɗa tafki. Kullum in na gama fafe kifi na tsuguna wanke hannu, sai in daɗe. Ina lissafin kwana nawa ruwan zai yi kafin ya isa inda take wanki. Shekarun kuwa na fari ne. Ruwan ba ya zuwa a kan lokacinsa, in ya zo ba ya hawa fadama, kafin sanyi ya wuce ya yanke ya zama tabkuna. Masunta suna kukan kifi, manoma suna kukan shinkafa. Ni ma ina taya su da ƙarfi, har an san ni da hakan. Ba wanda ya san abin da nake gani in na ga yashi ya fito a tsakiyar kogi.

A cikin shekarun ne na shiga ajin yaƙi da jahilci, ina da furfura a goshi. Litinin da Alhamis bayan la'asar, a kan bencin yara, gwiwa tana dukan tebur. Malamarmu wata doguwar mata ce da aka turo daga Maiduguri, mai haƙuri, ba ta san hanyoyinmu sosai ba. Wata rana ta ce kowa ta rubuta sunayen 'ya'yanta. Na rubuta biyar. Ta duba ta ce, "Inna, ba shida kika ce mini ba?" Wata ta ja mata gefen mayafi. Na ce, "Malama, ki duba baƙaƙen ko sun tsaya daidai, ƙirga ba aikinki ba ne yau."

Ita ce ta kawo mana labarin. Ta ce ƙasashe huɗu da suke shan ruwan tafki za su zauna majalisa ɗaya a kan maganar ruwa, kowace ƙasa ta aika wakilanta. Maza sun zaɓi nasu. An bar kujera ɗaya ga mace daga kogin nan namu, cikin masu banda da masu noman fadama, kuma mu za mu zaɓe ta da kanmu. Wadda ta ci za a ba ta takardar ƙetare iyaka, a sa ta a motar gwamnati.

Na ce, "A ina za a zauna?"

Ta ce, "Diffa."

Fensirina ya faɗi, ban ɗauka ba.

Da na gaya wa maigida ina so in tsaya, ya rage muryar rediyonsa ya ce ai ko Turawa haka suke yi, ya ji ana faɗa, ƙasashe da yawa majalisa ɗaya, kowa ya zaɓi masu tafiya. Na ce Turawa su ji da kansu. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To, Allah ya sa ruwan ne ya dame ki." Na ce, "Da me zai dame ni?" Ya mayar da muryar rediyo.

Na zaga gida gida. Na je Katuzu a bayan a-kori-kura, na je Jajimaji ranar kasuwa. Ban roƙi kowa ba, ba na iya roƙo. Cewa nake, kun san ni, kun san in na shiga ɗakin nan sai sun ji abin da ba su so. Mata suna dariya suna cewa wallahi ke ce daidai su. Abokiyar takarata ɗaya ce, Hajiyar Nguru, dillaliyar da take karɓar kwandunanmu ta ɗora a jirgi. Babarbariya ce mai haƙorin Makka, mai magana a hankali kamar tana lallashin jariri. Abin da ta sani na kogi bai wuce warin kwando ba.

Ranar zaɓe muka cika motoci biyu daga Gashuwa. Mun fi matan Nguru yawa, ko makaho ya ji hayaniyarmu ya san haka. Aka shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashin itatuwan darbejiya, malama da wani jami'i mai jakar hannu suka zauna a tebur. Aka ce kowace ta yi magana, sannan a yi layi, kowa ta tsaya a bayan wadda take so.

Hajiya ta fara. Ta yi sallama, ta yi godiya, ta ce in an aike ta za ta isar da saƙo, ta zauna. Ko ruwan buta bai isa ya tafasa ba.

Na miƙe. Na faɗa musu watan da ruwa yake iso mu lokacin ina yarinya, da watan da yake iso mu yanzu. Na lissafa kifayen da 'ya'yanmu ba su taɓa gani ba. Na ce waɗanda suka tare ruwa can sama su zo su kwana ɗaya a fadamar Katuzu su ga abin da suka yi. Sannan na ce, mu da muke tsakiya ma ke nan, ina ga na ƙasa da mu? Akwai matar da take fitowa da kayan wankin jariri ta tarar da yashi. Akwai wadda take haƙa rami a tsakiyar kogi da ƙoƙo, ta zauna jiran ruwa ya tsatso, goyo a baya, rana a ka, ba uwa kusa ba dangi. Muryata ta so ta karye a nan, na mayar da ita tari. Aka yi guɗa. Na ga jami'in yana rubutu da sauri.

Ina shirin zama Yaya ta ɗaga sandarta. Ta tsufa a lokacin, amma muryarta tana kai ƙarshen fili.

Ta ce, "Amaryarmu." Haka take kirana tun ranar da aka kawo ni gidansu, ko da na yi jika. "Kin yi magana, Allah ya yi miki albarka. Saura ɗaya. Ki gaya wa matan nan, wa kike da shi a Diffa?"

Duk matar Gashuwa da take wurin ta san amsar. Da na sunkuyar da kai na ja mayafi, da an gane, da an ce kunya ce, a wuce. Amma ni ban saba sunkuyar da kai ba. Na ji kamar an tuɓe ni a kasuwa. Jini ya hau mini ka, bakin nan da nake taƙama da shi ya riga ni.

Na ce, "Ba ni da kowa a Diffa. Ko kare ban ajiye a can ba. Maganar ruwa ta kawo ni."

Ba wanda ya yi dariya. Wata a baya ta ce, "Subhanallahi." Yaya ta sauke sandar a hankali ta ɗora a cinya.

Aka tsayar da mu biyu, ni da Hajiya, muna fuskantar bangon aji, aka ce kada mu waiwaya sai an gama. A jikin bangon akwai taswira da yara suka zana da alli, ruwan sama ya wanke rabinta. Ita na zuba wa ido. A bayana ina jin takun silifa da kukan goyo, ina ƙoƙarin gane inda suke nufa. Mai banda tana da hanci. Warin hayaƙin kifi da yake jikin matanmu, wanda sabulu ba ya fitarwa, na ji yana wuce ni yana tafiya hagu, wajen turaren Hajiya.

Da aka ce mu juya, waɗanda suke bayana ba su cika tabarma biyu ba. Maƙwabciyata tana ciki, da wasu 'yan ajinmu, suna kallon ƙasa. Layin Hajiya ya kai har bakin rijiya. Ta farko a cikinsa, dab da bayanta, dogare da sanda, Yaya ce.

Hajiya ta zo ta kama hannuna ta ce, "Ki yi haƙuri, 'yar'uwa, ni ma ban zata ba." Na ce, "Allah ya sa alheri. In kin je ki tambaye su ko kifi a bishiya yake tsirowa, tunda ba ki sani ba." Ta yi murmushi haƙorin ya haska. Ba ta da saurin fushi, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan.

Muka kamo hanyar gida. A Jajimaji motar ta tsaya shan ruwa, mata suka sauka sallar la'asar, aka bar ni da Yaya a baya, ita ƙafa ta hana ta sauka da wuri, ni zuciya.

Na ce, "Yaya, me na yi miki?"

Ta ce, "Ƙofa na buɗe miki."

"A gaban mutanen Nguru? Ke kika koya mini kunyar nan. Ranar da na ɗauke ta tana kuka, ke kika ce in ajiye ta mutane na kallo."

"Ni ce. Ban ce ki kira sunanta ba. Da kin ce kina da jika, da an yi dariya an bi ki. Da kin yi shiru ma, da an bi ki. Matan nan tun daga gida suka yi niyyar kai ki wurinta, kin zata don kifi suka cika mota biyu?" Ta gyara zaman ƙafarta. "Kika ce ko kare."

Na ce, "Ke kin san ba haka nake nufi ba."

"Na sani. Ita fa? Masu raƙuma ba kanwa kaɗai suke ɗauka ba, kafin wata ya mutu maganar nan ta isa kunnenta." Ta ƙara da cewa, "Kuma da kin je, na san ki. Za ki tsaya a bakin ƙofa ki tambaye ta nawa ake sayar da karfasa a garinsu, ki juyo. Gara wadda za ta shiga ta rungume mini ita."

Na kawar da kai. Can ƙasan hanya akwai wani reshen kogi da ya ƙafe, awaki suna tafiya a cikinsa. Shi na kalla har muka tashi.

Har yau ina cewa ba a kyauta mini ba. Mutanen da suka ɗaure maka baki tun kana ƙarami ba su da hurumin hukunta ka ranar da suka ga dama ka buɗe shi. Amma maganar masu raƙuma ta tsaya mini a rai. Yarinyar da ba ta taɓa jin na kira ta ba, abu na farko da za ta ji daga bakina a kanta shi ne wannan.

Da asuba bayan na idar da salla na ɗauko littafin ajinmu na yago takarda daga tsakiya. Na fere fensir da wuƙar kifi. A saman takardar na rubuta sunan. Baƙaƙe biyar ne, duk na san su, malama ta koya mana tun watan farko, amma ban taɓa jera su haka ba. Na farkon ya fito ƙato, na ƙarshen ya kusa faɗowa daga layi. A ƙasa na rubuta abin da ƙaramin ilimina ya iya ɗauka. Na ce abin da za ki ji na faɗa ƙarya ne. Na ce ina wanke hannu a kogi kullum. Na ce ki gaishe da mai gidanki da yarinya. Na naɗe takardar na sa a leda, na zaɓi tarwaɗa shida mafi kyau a banda, waɗanda ba su ji wuta ba, na ƙulle a tsumma. Maigida ya ga ina sa mayafi bai tambaye ni ba, ya dai ce motar farko tana cika da wuri.

Hantsi bai yi zafi ba na isa Nguru. Na sami Hajiya a tsakar gidanta tana shan kunu, jirgi yana huci can bayan katanga.

Ta yi mini sannu da Barbarci ta ce, "Wushe, wushe! 'Yar Gashuwa, ko an sake zaɓen ne ban ji ba?"

Na ce, "Ba a sake ba. Kin ci, ki riƙe abinki. Saƙo na kawo."

Na ajiye ƙullin a gabanta, na miƙa mata takardar. Ta karɓa ta juya ta sama, ta juya ta ƙasa.

Ta ce, "Wa zan ba?"

"Yana nan a rubuce."

"Ni ai ban shiga ajinku ba, 'yar'uwa. Waɗannan a wurina sawun kaji ne. Diffa gari ne babba, teloli sun fi goma. In na shiga unguwa ina tambaya, matar wa zan ce, wace ce?"

Ina da yaƙinin Yaya ta riga ta gaya mata. Na ga haka a yadda ta ajiye ludayin ta naɗe hannu tana jira, ba ta ko murmushi. Na duba tsakar gidan, ba kowa sai kaji da wata tsohuwa tana tsintar shinkafa a nesa. Na durƙusa kamar mai gyara ƙullin kifin.

Sai na faɗa.

Hajiya ta kara hannu a kunne ta ce, "Jirgin nan ya hana ni ji."

Na ɗago kai na sake faɗa, da muryar da nake kiran masunta daga wancan ƙetaren.